Ranar Da Na Binne Jakin Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanin matata a Maiyama ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bari ba.

Ni magini ne a Jega, ina kuma buga bulo. Karatuna a firamare ya tsaya, amma yashi kam na san shi. In na damƙe shi a hannu zan gaya maka na gulbi ne ko na bakin hanya. Matsalata ɗaya ce, damuwa. Ni ne mutumin da zai kulle ƙofa, ya kai bakin titi, ya dawo ya ja kwaɗon, ya tafi, ya sake dawowa don ya tabbatar jan da ya yi bai buɗe shi ba. In na ga bulo ɗaya ya karkace a katangar wani, ko ban san mai gidan ba, abin zai hana ni jin daɗin tuwo.

To, yayan matata, Yaya Nasiru, malamin makaranta ne a Aliero, ya sami fili zai yi gini. Ni kuma ina son aikin nan kamar me. Ban taɓa riƙe ginin gida tun daga tushe har rufi ba, kullum katanga ce, ko gyaran ɗaki, ko makewayi. Matata Rabi ta riga ta yi masa magana, ya ce zai yanke shawara ranar biki. Saboda haka na je Maiyama da niyyar in nuna ni mutum ne mai natsuwa (har hular da na sa sai da na tambayi Rabi ko ta yi kama da ta mai natsuwa).

Bayan an ɗaura aure an ci abinci, Yaya Nasiru ya tara mu maza a falo. Ya ce kafin ya kashe ko buhun siminti ɗaya, ya riga ya gina gidan a cikin waya. Akwai wani wasa da komai na cikinsa dunƙule ne mai kusurwa huɗu kamar bulo: ƙasa bulo, itace bulo, har tumaki da kaji kamar an buga su a inji. Kana tona, kana ɗauka, kana jerawa. Ya yi watanni yana ginin nan. Ya danna wani abu, sai ga hoton wayar ya fito a babbar talabijin ta falo, ba tare da ya jona wata igiya ba.

Gaskiya gidan ya yi kyau. Ga zaure, ga ɗakuna, ga darduma ja a shimfiɗe, ga fitilun itace a jikin bango. A tsakar gida ya shuka wani jan abu da ya ce tunda wasan ba shi da albasa, shi ne albasarsa, don ba zai yiwu mutumin Aliero ya zauna a gida ba albasa ba. Gilasan taga kuma ya ce yashi ya ƙona a murhu ya zama gilashi. Saman rufin ma yashi ya jera a kan katako, don launinsa ya yi daidai da fentin da yake so.

A cikin zauren an ɗaure wani jaki. Sunansa Gambo. Surukata, Inna, ita ta raɗa masa suna. Duk sanda Yaya Nasiru ya zo gida sai ya nuna mata shi, in kuma suna waya, bayan ta tambayi jikoki sai ta tambayi Gambo.

Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne da ya cire wani bulo daga tsakiyar katanga, na sama bai ko motsa ba. Na ce, "Yaya, wanga gini ba shi faɗuwa?"

Ya ce, "A nan komi tsayawa yake a iska, ko dutse ne. Yashi da tsakuwa kawai ka faɗuwa in ka cire abin da ke ƙarƙashinsu."

Na gyaɗa kai, amma maganar ba ta shiga ba, don a lokacin ina ta tunanin ko na gaishe da kawun Rabi sau biyu na tsallake ƙaninsa.

Sai aka leƙo aka ce abokan ango na neman Yaya Nasiru a waje. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai ka son aikin, zagaya ka ga ɗakunan. Ga inda za ka ja da yatsa ka yi tafiya. Tafiya kawai. Kada ka danna abu ka riƙe." Ya fita, sauran maza suka bi shi.

Ban gama gyara zama ba na ji muryar Inna a bakin ƙofa tare da mata, tana cewa an ce Gambo ya fito a talabijin. Ni kuwa tun da na auri Rabi ban taɓa zama ɗaki ɗaya da Inna ba. Gaisuwa daga bakin ƙofa, a durƙushe, ido a ƙasa, shi ke nan. Na zabura na fice ta ƙofar baya, na sami wani benci a baranda na zauna. A tunanina, tunda na fito da wayar, na fito da gidan gaba ɗaya.

Na fara zagaya ɗakuna cikin ladabi. Da na dawo zaure na ɗaga kai, sai na gan shi. Duk katakon silin fari ne, guda ɗaya tak baƙi, kuma ba ma a tsakiya yake ba. Na kau da kai. Na shiga ɗakin girki na fito, yana nan. Na ce a raina, ba cire shi zan yi ba, matsowa kawai zan yi in duba. Na ɗora yatsa a kansa, kuma ni in ina tunani hannuna ba ya ɗagawa.

Katakon ya tsage ya ɓace. Yashin da ke kansa ya sulalo ya zauna a tsakiyar darduma. Ta ramin ina ganin sama.

Zufa ta karyo mini. Na ce ba komai, ai yashi ne, ni da yashi ba baƙon juna ba ne. Na tone shi, ya shigo hannuna, na mayar da shi cikin ramin. Ya faɗo. Na sake ɗauka na sake sawa. Ya sake faɗowa. Wallahi har magana na yi masa, na ce, "Haba, dubi 'yan'uwanka duk suna zaune."

Daga cikin falo na ji mata sun kwashe da dariya. Na ce biki ya yi daɗi ke nan.

Nan ne ilimin sana'a ya zo mini. Kowane mai buga bulo ya san busasshen yashi ba ya kama jikinsa, sai an ba shi ruwa. A ƙasan hoton akwai jerin kayan Yaya Nasiru, ciki har da bokiti cike da ruwa. Na ce alhamdulillahi. Na zaɓi bokitin, na juye shi a bakin ramin.

Bokiti ɗaya ne, amma ruwan bai ƙare ba. Ya dinga kwarara kamar an fasa madatsa. Ya kwashe darduma. Ya tsinke fitilun da ke ƙasa-ƙasa, zaure ya yi duhu. Ya fita ta ƙofa ya shiga tsakar gida, ina kallo yana tumɓuke albasar Yaya Nasiru ɗaya bayan ɗaya, suna yawo a kan ruwa. Gambo na tsaye cikin ruwa yana kallona.

A falo an daina dariya, an koma salati. Na ce ƙila wata ce ta zubar da miya.

Duk wanda ya taɓa ganin ruwa ya shigo unguwa ya san da yashi ake tare shi. Na ajiye ɗan yashin da ke hannuna a gaban ruwan, sai kuwa wurin ya bushe. A karon farko wani abu ya yi aiki! Saura in sami yashi da yawa. Ina yashi yake? Ga shi can jibge a kan rufi. Na fara cire katakon silin ɗaya bayan ɗaya, yashi na zubowa, ruwa na ja da baya, ni kuma har ina jin kaina injiniya. Ban duba abin da ke ƙarƙashin katako na gaba ba.

Yashin ya sauko daidai kan Gambo, ya rufe shi ruf, sai kunne ɗaya a waje.

A daidai lokacin na ji kukan jaki, da ƙarfi, daga cikin gidan surukaina. (Wayar da ke hannuna ba ta fitar da sauti tun ɗazu, ban tambayi kaina inda sautin yake zuwa ba.) Na ce ikon Allah, jakin maƙwabta ma ya sami lokacin kuka. Na hau tonon yashi da sauri don in ceci Gambo. Na kai duka, ya sami yashi. Na sake kaiwa, ya sami Gambo. Ya yi ja, ya faɗi gefe, ya zama ɗan hayaƙi. A inda yake tsaye ba abin da ya rage sai fata.

Muryar Inna ta cika gidan: "Ya kashe shi! Wayyo, ya kashe Gambo!"

Kafin in gama fahimta, ƙofar baya ta buɗe. Zulai ce, ƙanwar matata, wadda dama ba ta raga mini. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba don dariya.

"Mijin Yaya, Inna ta ce a tambaye ka, mi jakin ga ya yi maka?"

Na ce, "Wane jaki?"

"Wanda ka binne da rai, sannan ka ƙarasa shi da duka. Tun katakon farko muna kallo. Gwaggonmu ta ce a fito a hana ka, munka ce a bari mu ga iyakar injiniya."

Na duba katangar bayan gidan. Na san tsayinta, na san zan iya haurawa. Abin da ya hana ni shi ne takalmana suna ƙofar gaba, kuma ban ga yadda zan isa Jega ba takalmi ba.

Haka na ja ƙafa na je bakin ƙofar falo na durƙusa. Mata cike, talabijin na nuna zaure ba rufi, yashi ko'ina, ruwa na ci gaba da tsiyaya ta gefe. Ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, sai bakina ya faɗi abin da ya saba.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya ba da haƙuri."

Falon ya fashe. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni kuma da na ga kamar kuka take, sai na ƙara da cewa, "Fatar tana nan, Inna, ban taɓa ta ba."

Gwaggo ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa.

Cikin wannan hali Yaya Nasiru ya shigo. Ya tsaya ya dubi talabijin, ya daɗe yana duba. Ya karɓi wayarsa a hankali, kamar mai karɓar wuƙa daga hannun yaro.

"Duk wanga aiki saboda mi?"

Na ce, "Katako ɗaya ne baƙi, Yaya."

"Awo. Farin ne ya ƙare mini."

Ya sake duban zauren, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce, "To, na yanke shawara. Bulo kai za ka buga, yashi kai za ka kawo, don na ga ka iya sauke shi. Tushe ma naka ne. Amma daga inda gini ya wuce kanka, wani za ni kira. Ko tsani kada in ga ka jingina."

Haka aka yi. Gidan yana nan a Aliero, tushensa nawa ne, rufinsa na wani. Na daɗe ina tunanin ko akwai alhakin jakin waya a kaina, har na yi niyyar tambayar limaminmu, Rabi ta rantse in na tambaya za ta tafi gidansu.

Abin da na koya shi ne, in aka ce maka tafiya kawai, to tafiya kawai ake nufi. Har yanzu ina ganin abubuwa a karkace a gidajen mutane, kuma har yanzu suna damuna. Sai dai yanzu nakan fara duba me suke ɗauke da shi, da wanda ke tsaye a ƙarƙashi, sannan in zura hannuwana biyu cikin aljihu in bar su a can har in fita.