Kwamitin Lafiya a Ɗakin Mai Koko

Zangon Kumasi,
Satumba, 1956.

Zuwa ga masu girma, masu daraja, Kwamitin Haɗa Kai don Lafiyar Zango: shugabansa Alfa Mumuni, Allah ya ƙara ilmi, Sarkin Fawa Seidu, Allah ya ja zamani, da wakilan ofishin ruwa, ofishin ayyuka da ofishin lafiya, Allah ya ƙara wa kujerunku laushi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da tambayar gajiyar zama, ni ce Lariya mai koko, matar marigayi Ramalan, wadda kuke taro a ɗakinta na bakin titi. Na faɗi sunana ne don na lura wasunku sun ɗauka "Mma, ƙaro ƙosai" aka raɗa mini ranar suna.

Za ku tuna, bara kafin azumi Alfa ya tako har gidana. Ya ce ciwon ciki yana ɗauke mana yara, kuma an gane ofishi ɗaya ba zai iya maganin abin shi kaɗai ba. Za a haɗa malamai da mahauta da ma'aikatan gwamnati wuri guda, a kawo famfo, a gyara gwatar da ta ratsa unguwa, a samo nas mai duba jarirai. Aron ɗaki kawai ake nema, na ɗan lokaci. Ni da na binne 'ya'ya biyu da wannan ciwo, ban jira ya rufe baki ba na naɗe tabarmata na koma tsakar gida. Har yau ban yi nadama ba. 'Yan tambayoyi ne dai suka taru mini, ina roƙon a yi mini uzurin jahilci.

Na ɗaya. Shin "ɗan lokaci" a bakin manya ina ya tsaya? Azumin nan ya wuce, wani ya zo shi ma ya wuce. Ina tambaya ne don in san ko in saka ɗakin cikin abin da magada za su raba.

Na biyu. Ina godiya da sikelin awon jarirai da ofishin lafiya ya aiko, tare da kabad ɗin magani a kulle. An ce nas ba za ta fara zama ba sai akwai famfo da za ta wanke hannu, kuma gaskiyarta ce. Ofishin ruwa ya ce bututunsa ba zai tsallaka gwata ba sai an gyara ta. Ofishin ayyuka ya ce ba zai taɓa gwata ba sai mahauta sun daina zuba mata jini da kashin tumbi. Sarkin Fawa, ran shi ya daɗe, ya ce ranar da aka ba su famfo a mayanka ranar za su daina. Na saurara daga bakin murhu, ban sami mai ƙarya ko ɗaya a cikinku ba. Wannan ne haɗin kan? Idan shi ne, lallai ya haɗu, don babu ta inda mutum zai ja ya warware. A halin yanzu kyanwata ce ke kwana a kan sikelin, kuma ina farin cikin sanar da kwamiti tana ƙara nauyi.

Na uku. Kada a ce ban yaba ba. Akwai shawara ɗaya da kuka zartar baki ɗaya, ba gardama: a ƙara citta a koko. Washegari aka aiwatar. Ko don ni aka ɗora wa aikin ne?

Na huɗu, kuma a nan ku gafarce ni, dariyar ta ƙi zuwa. Cikin daminar nan jikata Habsatu ta kwanta da amai da gudawa. Kafin azahar idanunta sun faɗa, ba ta iya riƙe wuya. Na goya ta na fito ta ƙofar ɗakin nan, kuna ciki kuna muhawara ko allon ƙofar gidan maganin da za a buɗe a rubuta shi da Turanci, ko da Tonanci, yaren 'yan ƙasa, ko da ajami. Kun miƙe dukanku, kun yi salati, Alfa ya tofa mata addu'a. Mabuɗin kabad kuwa yana wurin nas ɗin da ba ta zo ba. Yero dillalin shanu ne, da ya sauke dabbobi daga arewa bai ko share motar ba, ya kwashe mu zuwa babban asibitin Bantama. Allah ya yi da sauran kwananta. Ɗan maƙwabciyata Mariyama, da suke wasa tare a bakin gwatar nan suna shan rijiya ɗaya, shi bai tashi ba. Alfa ne ya yi masa salla, na kuma ga hawaye a gemunsa. Don haka ban ce ba ku da tausayi ba. Cewa na yi tausayin ya daɗe a zaune a kan benci.

Na biyar. Bayan addu'ar bakwai, matan layinmu suka ɗauki fartanya da tsofaffin kwanuka muka yashe gwatar daga gindin masallaci har gada. Malam Sulemana tankas, wato dubagari, wakilin ofishin lafiya a cikinku, ya zo ya duba, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ba mu sammaci saboda tara ƙazanta a gefen titi. Ban ji haushinsa ba, doka ya bi, kuma cikin ladabi ya miƙo takardar, har da hannu biyu. Daga nan ya shiga ɗakina ya zauna ya sha koko. Tulin ƙazantar yana nan, domin ofishin ayyuka ya ce kwashe shi sai da amincewar kwamiti. Ruwan jiya ya mayar da rabinsa inda muka ɗebo shi. Shin wannan rabin ma muna cikin sammacinsa, ko an yafe?

Ranku ya daɗe, da na ga yadda kuke shan wahalar tunani, sai na ce bari in rage muku. Ranar Laraba na gayyaci iyalanku. Uwargidan Alfa ta zo, da matar Sarkin Fawa, da ta Malam Sulemana, da ta wakilin ayyuka, har da Maame Afuwa matar akawun ofishin ruwa, wadda ta rufe rumfar atamfarta ta zo, Hausarta ta fi ta mijinta. Ita ce ta fara riƙe baki, domin a gida an gaya mata famfon ya daɗe da zuwa. Mariyama ma ta zauna tare da mu.

Kafin tukunya ta tafasa mun gama, ba mu kafa ƙaramin kwamiti ba. Daga ranar Asabar, abincin ranar kowane ɗan kwamiti ba za a kai masa gida ko ofis ba. Za a jera akussanku wuri guda a bakin gwata, kusa da gada, inda bututun ya kamata ya tsallaka, ku ci tare kamar yadda kuka saba shawara tare. Haka za a yi kullum har ranar da ruwa ya zubo kuma nas ta buɗe kabad. Yero ya ba da aron shebur ga duk wanda ƙamshin wurin ya hana shi cin abinci. Uwargidan Alfa ta ce in ƙara da cewa ranar Asabar tuwon zafi ne da miyar ayoyo, kuma ba za a yi ɗumame ba.

Ina durƙushe ina neman gafara idan harshen tsohuwa ya zarce.

Taku mai biyayya ƙwarai da gaske,
Lariya mai koko,
ta bayan masallaci.