Adashin da Banki Ya Fara Kwasa

Jama'a, ku yi mini barka. A makon nan na gano cewa ni Baƙo mai jaki, na unguwar masunta a nan Haɗeja, ina cikin mutanen da suka ceci banki. Ban taɓa ganin banki da idona ba. An dai ce mini yana da ƙofar ƙarfe da agogo a goshi, amma ga shi yau da ƙarfina yake tsaye.

Ran Litinin da sassafe na ɗora wa jakina Duna buhu biyu na bandar kifi, na nufi tashar jirgi a Malam Madori, yadda na saba tun shekarar da jirgin ƙasa ya iso. Ina hawa hanyar mota sai ga wani mutum da kulki da sabon wandon kaki ya sha gabana.

"Kai mai jaki, ina zuwa?"

Na ce, "Inda nake zuwa tun kafin a ɗinka maka wandon nan."

"Hanyar mota ce. Daga yau jaki ba ya hawa."

"To ina motar?"

"Tana nan tafe."

Na duba gabas na duba yamma, ba kowa a kan hanyar sai wata kaza da 'ya'yanta. Amma mai kulki ya fi ni hujja, sai na karkata na bi turbar fadama. Kun san watan nan kogi ya bazu. Ruwa ya kawo mini ƙirji, Duna ya zame, buhu ɗaya ya sha ruwa ya ƙoshi. Mai saye a tasha ya sunsuna ya raba kuɗin biyu. Umara, masuncin da ke da kifin, ya ce ladan dakona sai dai in je in karɓa wurin kogi. Na dawo gida da jiƙaƙƙiyar riga da aljihu busasshe.

Da la'asar na zauna a ƙofar maƙwabcina Mala, wanda ke fataucin shinkafa zuwa Kano, kuma duk unguwarmu shi ne kunnenmu na duniya. Na ce masa, "Mala, don Allah me jakina ya yi wa gwamnati?"

Ya ce, "Ba jakinka ba ne, Baƙo, kasuwar duniya ce ta faɗi. Ba ka ga gyaɗa ba? Abin da ake saya sule goma bara waccan, bana sai ka yi rantsuwa kafin a ba ka huɗu. To akwai wani kamfani can ƙetaren teku da ke ƙera motoci. Ya ƙera, ya ƙera, ba mai saye. Shi kuwa da kuɗin banki yake ƙerawa. Kamfani ya kwanta, banki ya kama tari. Sai Manya suka ji tausayi."

Allah Sarki, Manya! Wa ya kai su tausayi? Ashe ba su ci ba su sha ba, suna can suna juyi a kan kujera saboda halin da kamfani ya shiga. Daga ƙarshe suka buɗe akwatin haraji suka ɗura wa banki har ya yi gyatsa. Suka saye motocin da duniya ta ƙi, suka turo mana shida, suka miƙa wa wakilin kamfanin ya riƙa ɗaukar kaya yana karɓar kuɗi. Don kada motocin su yi kaɗaici aka kore jakuna daga hanya. Akwatin haraji kuwa, tun da an ga gindinsa, sai aka ƙara sule biyu a kan kowane kai. Irin wannan hikima ba a samunta sai an zauna ƙarƙashin maficin da ake ja da igiya.

Washegari mai shela ya zagaya gari da ganga. Ya ce Manya sun ce kowa ya zuba kaɗan, a haɗa a tayar da wanda ya durƙusa, domin yau shi ne, gobe wani ne. Ina jin haka zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe adashi ne! Me ya hana a faɗa mana tun farko?

Adashi kuwa a gidana yake kwana. Matata Falmata shekara goma sha tara tana uwar adashin matan unguwarmu. Duk Juma'a kowace mace ta kawo taro, wato kwabo uku, ta zuba, ɗaya ta kwashe, a bi layi har a zagayo. In kuma wata ta haihu, ko ruwa ya ci gonarta, ko mijinta ya kwanta, sai Falmata ta tara mata ta ce a yi haƙuri a matso da ranar wance. Ba a taɓa jin kansu ba. Na shiga gida da murna na ce, "Falmata, gwamnati ta kafa adashi. Banki ne ya fara kwasa saboda lalura, sai kamfanin mota."

Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, shi bankin nawa yake zubi?"

Na ce ban tambaya ba.

"Ran wace rana ake zubin?"

Na ce wannan ma ban tambaya ba.

"Mutum nawa ne a ciki? Wa ke bin wa? Wace ce uwar adashin, a ina gidanta yake in an tashi nemanta?" Ta karkaɗe rariya ta dube ni. "Ni a wurina, baƙuwar da ba a taɓa ganin taronta ba, ba ta fara kwasa, ko 'yar wa ce. In ta kwasa ba a ƙara ganin ƙeyarta."

Na ce mata wannan adashin Turawa ne, a rubuce yake, ba irin nasu na ƙullin bakin zane ba. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da tankaɗenta.

Bari in gaya muku abin da ya sa na ƙwallafa rai. Bara jakuna uku gare ni. Ɗaya ya tafi a haraji, ɗaya ya tafi a gero lokacin bazara. Duna kaɗai ya rage, kuma shi ne gonata, shi ne rumbuna. A hannuna aka haife shi. Harajin bana da ƙarin ya kama sule tara, ranar Juma'a za a karɓa, ni kuwa duk abin da na tona a ƙarƙashin tabarma sule uku ne da sisi. In ban cika ba, Duna zai bi 'yan uwansa. To wace lalura ta fi wannan? Na ce lallai in je a matso da ranata.

Ran Laraba na wanke rigar sallah na tafi ofishin Mai Girma Uban Takardu. Na tarar da ɗaya daga motocin nan shida a ƙofa, sai sheƙi take yi. Mutum huɗu na sauke gwangwanayen ruwa daga bayanta ana ba furanni. Na ji daɗi ƙwarai da na ga kuɗina na aiki, domin furannin sun yi kore shar, sun fi shinkafar Mala kyan gani. Sauran biyar ɗin, in ji mai gadi, uku na jiran mai daga Kano, biyu na jiran kogi ya janye.

Tun hantsi nake zaune a rana sai bayan azahar aka shigar da ni. Mai Girma da kansa ban gan shi ba, an ce yana hutawa daga gajiyar ceton ƙasa. Mai Girma Ƙarami na samu, mai riƙe masa alƙalami, ɗan garin nan ne, na san gidansu, amma na durƙusa yadda ya kamata.

"Ranka ya daɗe, na zo duba ranata ne."

"Ranar me?"

"Ranar kwasa, ranka ya daɗe. Shekara ashirin da shida ina zubi ban taɓa fashi ba. Banki ya kwasa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kamfani ya kwasa, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ni ma lalura ta same ni, shi ne na ce ko za a matso da ni."

Ya ajiye alƙalami ya kalle ni tun daga hula har takalmi. Ya kira wani abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Suka yi dariya har ɗayan ya dafa bango. Da ya nitsa, sai ya yi mini bayani a hankali, don ya ga furfura.

"Baba, in banki ya faɗi, 'yan kasuwa dubu sun faɗi. In kamfani ya faɗi, maƙera dubu biyu a ƙetare sun rasa aiki. Kai in ka faɗi, wa zai faɗi?"

Na ƙirga masa da yatsu. "Falmata. 'Ya'ya huɗu. Tsohuwata. Da masunta bakwai da nake kai wa kifi tasha."

Ya ce, "Goma sha uku. Ba su kai ba."

"Nawa ne ke kaiwa, ranka ya daɗe?"

"Nawa ake binka?"

"Sule biyar da sisi suka rage mini."

Ya girgiza kai cikin tausayi na gaskiya. Ya ce, "Ka ga inda ka yi kuskure. Da fam dubu hamsin ake binka, da Mai Girma da kansa zai zo gidanka ya tambayi yadda ka kwana."

Na yi godiya. Wannan laifina ne, na amsa. Duk tsawon rayuwata ina gudun bashi, in na ci na kwabo biyu ba na sakewa sai na biya, ashe ƙaramin mutum nake mayar da kaina. Ku da kuke da sauran ƙuruciya ku ɗauki darasi. Wannan takarda da ajami na rubuta ta, in mai juya ta boko ya ga wata kalma ta yi zafi ya sirka mata ruwa, amma wannan darasin ya bar shi yadda yake.

Kafin in fita na yi tambayar Falmata, don kada in koma gida ta sake tsare ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, in banki ya warke, yaushe zai fara zubi?"

Ya ce, "In ya warke ai ribarsa ce, ta masu shi."

"In kuma ya sake kwantawa?"

"Sai a sake shela."

Ran Alhamis Falmata ta kwance bakin zane ta ba ni sule ɗaya nata na kanta. Kuɗin mata kuwa ta ce ko za a ɗaure ni ba ta taɓa anini, ban kuma roƙe ta ba. Mala ya ce shinkafarsa na jibge ba mai saye, ya ba ni goro da addu'a. Na bi gida uku, kowa na neman nasa ƙarin. Ba yadda zan yi, na ja Duna zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi. Sau biyu yana tsayawa a mararrabar tasha, yana tsammani aiki za mu.

Jakin da aka taya mini sule talatin shekara uku da suka wuce, sule takwas Shu'ibu dillali ya taya. Na ce, "Shu'ibu, ka ji tsoron Allah, ka san jakin nan."

Ya ce, "Na san shi, Baƙo, shi ya sa ma na ce takwas. Duba bayanka." Na waiwaya, jakuna sun fi arba'in a ɗaure, masu su duk fuskokin da na sani ne daga hanyar tasha.

Na ce, "Wa ke sayen jaki a wannan marra?"

Ya rage murya. "Wakilin kamfanin mota. Ya karɓi kayan mutane ya tara, mota ba ta ƙetare ruwa, jirgi kuma ba ya jira. Jaki ashirin ya ce in sayo masa."

"To ai an hana jaki hawa hanya."

"Naka aka hana. Na kamfani ana rataya masa lambar tagulla a wuya. In dai da lamba, a takarda mota ne."

Na karɓi kuɗina, na cire la'ada, ran Juma'a na biya haraji cif, har aka shafa mini tawada a babban yatsa. Ba na jin kunyar faɗa muku, da na koma gida na ga turke ba kowa sai da na yi hawaye, Falmata ta yi kamar hayaƙin murhu ne ya dame ta ita ma.

Yau Asabar, ana kiran la'asar, muka ji ana tura ƙyauren gida da hanci. Duna ne. Ya tsinke igiya daga zangon kamfani, ya ratso gari shi kaɗai, tagulla na ƙara a wuyansa, bayansa ya ɗaye wuri biyu, cikinsa ya lafe. Ya wuce kai tsaye ya tsaya a turkensa. Ashe tun ran Alhamis ba wanda ya tuna cewa wannan motar tana cin abinci. Falmata ta ɗauko dusar da ta ajiye za ta sayar ta sayi gishiri, ta jiƙa masa duka. Na shafa masa man shanu a ciwon. Ya ci ya ƙoshi, sannan na ɗaura masa igiya na mayar da shi da ƙafata, don kada a ce na saci motar kamfani. Har muka isa yana ja da baya.

Mai kula da zangon ya karɓi igiya ya ce madalla, in ya sake zuwa in riƙa ba shi abinci kafin in dawo da shi, domin kamfani na cikin wani hali. Na ce ba komai, ranka ya daɗe, ai mun ji shela. Gishiri dai ba za mu sa a miya ba makon nan, amma in kun haɗu da banki ku gaishe mini da shi, ku ce yaya ƙarfin jiki.