Lasifikokin Katako da Kunnena

Na daɗe ina aiki a gidan rediyo, saboda haka a Tudun Wada ba mai ja da ni a kan sauti. Da na sayo tsofaffin lasifikokin katako, na sa mai gyara ya haɗa su da wayata, sai na jefa ƙaramar lasifikata ta zamani mai batir bayan kujera. Na kira abokaina su ji bambanci.

Na kunna waƙa, na lumshe ido. Na ce, "Ku saurara. Wannan zurfin, katako kaɗai ke ba da shi. Na zamani gwangwani ne."

Ina ta bayani, maƙwabcina Alhaji Sabo kuwa fanka kawai yake kallo.

Can ya ce, "Malam, ai an ɗauke wuta tun kafin mu zauna."

Ashe gwangwanin bayan kujera ne ke waƙa, don har lokacin yana haɗe da wayata. Kunnen da nake cin abinci da shi ya mutu a falona, gaban shaidu.

Yanzu da an ɗauke wuta sai Alhaji Sabo ya leƙo ta katanga: "Malam, a kunna mana katakon nan, unguwa ta yi shiru."