Sarkin Noman Siminti

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ba na ma son in manta, da ranar da ɗiyata Nafisa ta gayyace ni bikin tarihi da al'adu a jami'arsu. Tun ina tashar Magariya take buga mini waya: "Baba, don Allah in ka zo ka zauna shiru." Na ce na ji. (Allah ne shaida, da niyyar shirun na tafi.)

Wani farfesa ya hau bayani a kan noman gayya, yana ta "a zamanin da, a zamanin da", kamar mu da muka yi ta duk an binne mu. Na haɗiye. Sai aka kira makaɗan noma don ɗalibai su ji yadda abin yake. Wa zan gani? Tsoho Ɗan Gambo na Bande, makaɗin marigayi mahaifina, Sarkin Noma! Ya hango ni cikin kujeru, ya yi wani murmushin mugunta, ya saki taken gidanmu.

To, a wajenmu, in aka kaɗa taken ubanka ba ka zama, sai ka ɗauki galma ka nuna noma. Ka zauna, a ce gidan ya mutu. Nafisa ta cafke mini babbar riga: "Baba, wasa ne fa!"

"Sake ni, yarinya, kakanki ake kira!"

Na hau dandamali, tumbina na gaba ina biye (rabona da gona tun kafin a haifi Nafisa, kanti nake zama). Babu galma. Sai ga wata a kan tabur cikin kayan tarihi, an shimfiɗa mata ƙyalle kamar amarya. Na sure ta, na yi kururuwar da aka ji har Dungas, na duƙa na kai wa siminti sara. Ƙota ta rabu biyu, ƙarfen ya tashi ya tsinke wayar mikoron da ake jawabi da shi, ni kuma baya ya riƙe ƙam. Na tsaya a duƙe, mazaunaina na fuskantar manyan baƙi, ɗalibai kowa ya ɗaga waya.

Farfesa ya dafe kai: "Alhaji, galmar nan ta girmi kakanka!"

Daga duƙen na amsa: "Zaman banza ne ya kashe ta, Malam. Ciwonmu ɗaya da ita."

A haka samari suka sauko da ni kamar buhun gyaɗa. Nafisa ta rufe fuska da mayafi. Amma da muka gifta Ɗan Gambo, sai ya ce, "Gidan bai mutu ba, baya ne dai ya riƙe." Wallahi wannan ta ishe ni.

Yau duk kasuwar Magariya Sarkin Noman Siminti ake ce mini, kuma ina amsawa da ƙarfi. Su da suke dariyar, a kaɗa nasu taken mu gani. Gobe ma aka kaɗa nawa sai na tashi. Abin da na koya kawai: in je da galmata, in sa man zafi a aljihu, kuma kafin in duƙa in duba su wa ke bayana.