Ranar da Na Miƙa wa Gwaggon Ango Hannun Hagu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen ƙanwata Nana ba, ko ni na so mantawa dangin mijinta ba za su bari ba. Amma bari in fara da kajiji, don shi ya ja mini.

Marigayiya Innarmu ba ta taɓa sayen kajiji a kasuwa ba. A ƙauyenmu ta wajen Kafur akwai fadama a bayan gari, ita da kanta take shiga ta tono, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta daka ta haɗa turaren wutarta. Duk 'yar da ta aurar da shi aka turara mata ɗaki, har da ni. Nana ce auta, tana firamare Inna ta rasu, a hannuna ta girma a nan Funtuwa. Da aka sa ranar aurenta ta ce mini ita gado da kujeru ba su dame ta ba, ita dai ɗakinta ya yi ƙamshin ɗakin Inna. Na ce an gama. (Ba a taɓa riga ni cewa an gama ba.)

Na kasuwa na shinshina har hancina ya gaji, duk ya tsufa ya zama itace. Sai na sa yayanmu ya goya ni a babur muka je fadamar. Masu rake da shinkafa sun cinye ta, saura wani lungu da ruwa ke kwanciya. Wanda bai san kajiji ba zai wuce shi ya ce ciyawa ce. Ba shi da ganyen kirki, kara ne kore siriri a miƙe, ya kai mini ƙugu, da ɗan tukku ruwan ƙasa a kansa. In ka shafa shi da yatsu za ka ji gaɓa-gaɓa daga ciki. Abin nema yana cikin laka, saiwa ce mai rarrafe da 'yan ƙulle-ƙulle baƙaƙe. Wanda ya rage ba zai cika kwano ba, kuma yayana ya ce baɗi nan ɗin ma za a nome.

A nan na yanke shawara, tunda fadama za ta ƙare, gara in kai ta gida. Na tattare zani na shiga, na ƙwaƙulo shi da lakarsa na cika buhu. A gida na sa aka raba tsofaffin duro gida biyu, na zuba. Maigidana ya daɗe a tsaye yana kallona, sannan ya tambaya ko noman shinkafa zan fara.

Da farko na ɗauke shi kamar fure, ina yayyafa masa ruwa a inuwa, ya yi rawaya ya langwaɓe. Sai na gane halinsa: ƙafarsa a cikin ruwa kullum, kansa a rana. Na jawo durorin tsakiyar gida na cika su taf. Cikin damina ya miƙe ya yi kore shar, sauro ma ya miƙe. Maigidan ya yi mita har ya gaji. Da 'ya'yan kwaɗi suka bayyana a ruwan, 'yan baƙaƙe masu wutsiya, har murna na yi, na ce masa ga masu cinye masa 'ya'yan sauro nan Allah ya kawo. (Ban yi tunanin wata rana za su yi ƙafafu ba.)

Ranar kawo lefe da safe na ji ruwan yana ɗan warin fadama. Na ce ba za a yi baƙi daga Malumfashi su shaƙi wannan ba. Na kwashe ruwan tas na bar laka, na wanke tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi tun ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ban tsaya na tambayi kaina ina mazauna ruwan za su nufa ba.

Bayan azahar dangin ango suka iso da guɗa, aka jera akwatuna. Jagorarsu Hajiya Laraba ce, gwaggon ango, mace mai jiki da kwarjini wadda ba ta dariyar banza. Gwaggonninmu suka ce ni na raini Nana, ni zan karɓa, don haka ina gaba, gwiwata kusa da tata. Ana cikin gaishe-gaishe na hango wani ɗan kwaɗo a bakin tabarma, dab da ƙafar Hajiya, bai fi babban yatsa ba. Na yi kamar ina gyara shimfiɗa na cafke shi da hannun dama na dunƙule. Sanyi, da motsi. Na ce a raina da an shafa addu'a zan sulale in jefar da shi.

Ana shafawa (da hannu ɗaya na shafa) Hajiya ta zaro makullan akwatunan ta miƙo mini. "Uwar amarya, ga amana, bisimilla."

Ni kuwa da ƙarfin hali na miƙa hagu.

Hajiya ta dubi hannun, ta dube ni, ta janye makullan a hankali ta ɗora a cinya.

"Ko akwai abin da muka yi ne?" in ji ta. "Mu dai da mutuncinmu muka taso."

In na tsaya a haka, labarin da zai koma Malumfashi shi ne yayar amarya ta raina su, kuma Nana ce za ta zauna da shi a gidan miji. Na ga gara a ce ba ni da hankali da a ce ba mu da tarbiyya. Na miƙa dama na buɗe.

Ya ɗan zauna a tafin hannuna yana kallon jama'a, sannan ya yi tsalle ya dira a cinyar Hajiya. Ban san mace mai wannan jiki tana iya tashi haka ba. Wata ta ja tabarma, sai ga 'yan uwansa birjik a ƙasa suna shan danshi. Aka watse da salati, wasu kan akwatuna, wasu zaure ba takalmi. Ni kuma ina durƙushe da leshina, tsintsiya a hannu, ina bin kwaɗi ina ba da haƙuri ina bayanin kajiji, ba mai saurarona. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Da ƙura ta lafa ta ce in wanke hannu da sabulu, sannan ta ba ni makullan. Da suka tafi maigidan ya ce gobe durorin nan su bar masa gida. Na ce kunyar da za a ji an riga an ji ta, ba zan yi asarar biyu ba. Kafin magariba na sake cika su da ruwa.

Da kaka na tono, na shanya, na daka. Ranar jere na zuba a garwashi na rufe ƙofa. Da aka kai Nana ta tsaya a bakin ɗakin ta riƙe hannuna gam, ta ce, "Yaya, Inna." Muka yi kukanmu, ban yi nadamar komai ba.

Har yau in mun haɗu da Hajiya Laraba a biki, hannuwana take fara dubawa kafin ta amsa gaisuwa. Ni dai na koyi abu ɗaya: in ka ɗauko fadama ka kai gida, da 'yan hayarta take zuwa, kuma ba ranar da za ka yi baƙi ake tashinsu ba.