Yadda Za Ka Yi Bikin Hirarraki Na Shekara Goma Ba Tare Da Ka Ba Ƙanwarka Kujera Ba

Kana da bikin hirarraki da kake yi a intanet duk hutun ƙarshen shekara? Bana ya cika shekara goma? Ƙanwarka mai gayyato baƙi da tace bidiyo ta fara zancen ajiye aiki? Bi matakan nan, tabbas za a yi biki. An gwada su a kan wani abokina da ake kira Furodusa, kuma har yau yana da rai.

1. Ji ƙorafin, ka ce za a duba

Auta, ƙanwar Furodusa, ta same shi a falo yana gwajin murmushi a gaban kwamfuta.

"Yaya, bana ko ka yi hira da ni kamar sauran baƙi, ko ka nemi wata mai tacewa."

"Ke da ba kya son kyamara?"

"Ka taɓa tambayata?"

Ya ce za a duba. Kai ma haka za ka ce. Ba ƙarya ba ce, ba kuma alkawari ba ne.

2. Ƙirƙiro mata muƙami

Muƙami ba ya cin lokacin shiri. Furodusa ya naɗa ta Babbar Daraktar Bayan Fage.

"Ai a bayan fagen nake tun farko," in ji ta.

"Amma da ba babba ba ce ke."

3. Gyara bayanka

Masu kallo ba sa jin rabin abin da kake faɗa, bangonka suke leƙe. Kwashe wankin da ke kan kujera. Aro littattafai masu kauri a wurin maƙwabci ka jera. A can inda na yi karatu, manyan malamai ma haka suke yi. Sa riga mai kyau. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa, tsakaninka da Allah.

4. Cika kowane gurbi da manyan baƙi

Likitan haƙorin da ke amsa tambaya daga cikin mota. Lauyar da kullum take manta buɗe makirufo. Tsohon malaminka da goshinsa kaɗai ake gani. Sa ƙanwar ta kira su, don ita suke ɗaga wa waya. Sannan ka ce mata, "Kin gani? Babu wuri."

A nan Umma ta leƙo daga kicin. "Kai, ko ɗan lokaci ba za ka ba yarinyar nan ba?"

"Umma, harkar jarida ce."

"Harkar jarida a falona, da wutar gidana."

Kada ka tanka. Uwa ba ta cikin kwamiti.

5. Ɗauki hirar tun kafin hutu, ka rubuta "kai tsaye"

Wannan ne asirin sana'ar. Mai tacewa za ta yanke duk "wato" da "am", da duk inda baƙo ke magana kai kana latsa waya. Abin da ya rage shi ne haziƙin mutumin da jama'a suka sani.

6. Nemi bidiyon tuna baya, kada ka duba shi

Ba a cika shekara goma babu irin wannan bidiyo. Ba wa ƙanwar aikin. Shugaba ba ya bin diddigin ma'aikata.

Ranar biki Furodusa ya tara dangi a falo, shiri ya hau intanet. Sai ga duk abin da aka yanke tun shekarar farko. Ga shi yana hamma likita na bayanin dasashi. Ga shi ya miƙe zai ɗauko caja da gajeren wando. Ga shi yana raɗa, "Auta, me zan tambaye shi kuma?" Ya faɗa babu gemu, ya faɗa da gemu, ya faɗa da furfura. Kowane karo wata murya daga bayan kyamara takan miƙo masa tambayar.

Saƙonnin masu kallo suka yi ta zubowa: wace ce mai muryar nan?

"Auta, me kika yi?"

"Ba komai, Yaya. Yau ce rana ta farko da ban yi komai ba."

7. Ce da gangan ne

Furodusa ya rubuta wa masu kallo cewa dama shiri ne, don a nuna musu wahalar aikin. Sannan ya jawo kujera, ya zaunar da Auta a gaban littattafan maƙwabci, ya kunna kyamara, kai tsaye na gaske. Ya gyara murya. Ya waiwaya bayan kyamara, babu kowa sai Umma riƙe da kofin shayi.

"To... me zan tambaye ki?"

"Fara da sunana," in ji Auta.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu idan taka ƙanwar ta ƙi kujerar, ta tafi da lambobin baƙi, ko uwarku ta koma ɓangarenta. Kada a kira ni, kada a turo mini dangi. Na ce za a yi biki. Ban ce kai za a tafa wa ba.