Tsohon Direba da Kilomita Dubu Bakwai

"...ya gajiyar zama? Ko har yanzu kujerar ba ta sake ka ba, Angona?"

"Lafiya lau, Amarya. Shigo a hankali, kar ki taka min lissafi."

Jikar ta tsaya bakin ƙofa da waya a hannu. Kakan nata, wanda ya shekara arba'in yana jan babbar mota, ya baza taswira a ƙasa yana awo da zare. Autarsa ce za ta karɓi shaidar zama likita ranar Alhamis a wani birni can ƙetaren teku, ta aiko masa da tikitin jirgin sama. Yau ce ranar ƙarshe ta tabbatar da kujera, shi kuwa ya kafe ba inda za shi.

"Kilomita dubu bakwai," in ji shi. "Da ƙuruciyata ma ɗari biyar nake ci a yini. Mako biyu ke nan. In je in tarar an naɗe kujeru?"

"Awa tara ce, tsoho. Ka karya a nan, ka ci abincin dare a can."

"Ke da ko keke ba ki iya ba za ki koya min hanya?"

"Kai da motarka sai an tura ta take gaishe da mutane?"

"Motata? Jirgi ya taɓa bina a baya har ya gaji ya sauka!"

"Ya sauka ne ya ga abin da ke hayaƙi haka."

Ya danne dariya, ya gyara tabarau. "To, awa taran nan, a ina direban yake tsayawa ya duba ruwa da taya?"

"Ba ya tsayawa."

"Kin ji ko! Yaran yanzu. Ba zan shiga motar wanda ba ya duba ruwa ba."

Ta lura sai sake auna teku yake yi da zaren. Ashe ba lissafi ba ne, mutumin da ya ratsa dazuzzuka shi kaɗai tsoron sama yake ji. Ta zauna kusa da shi.

"Shi ke nan, bari in gaya wa Anti mijina matsoraci ne. Ta ari wani tsoho mai haƙora ya tsaya mata a hoto."

"Wa? A hoton 'yata? Ni na goya ta zuwa aji ɗaya!"

"To ai waccan tafiyar kilomita ɗaya ce."

Ya ƙura wa shuɗin tekun da ke taswirar ido. Can ya tuntsire da dariya har tabarau ya zame.

"Ja'ira! Danna musu, na yarda. Amma ki ce a ba ni kujerar gaba, kusa da direba. In yaron ya fara gyangyaɗi, akwai babba a kusa."